Na'urar Keken da Na Ce Ta Lalace

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure na masu keke. Kun daɗe ba ku ga na ɗora tafiya ko ɗaya ba. Wasunku sun aiko suna cigiya, ban amsa ba. Ku yafe ni. Jinya na yi, kuma na yi rashi.

Ga waɗanda suka shigo bayana, sunana Sabo, haifaffen Agege, aski ne sana'ata. Duk Asabar da sassafe muke fita da keke ni da abokina Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, mai gadi a wani kamfani a Ogba.

Bara na gaji da kintacen nisan da muke yi, na ce sai na sayi na'urar keke. Muka je wajen wani mai kayan gwanjo a Iyana Ipaja, ya fito da iri biyu. Ƙaramar tana da waya zuwa tayar gaba, gudu da nisa kawai take nunawa. Babbar tana da ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙirji, tana ƙirga bugun zuciya, kuma ana iya juye abin da ta adana a kwamfuta.

Yohanna ya ce, "Ɗauki ƙaramar mana. Zuciyarka kuma me za ka ƙirga mata?"

Na ɗauki babbar, don in riƙa ɗora muku tafiyata daga shagon intanet ba sai na rubuta da hannu ba.

Tun fitar farko ta ɓata mini rai. Ban ko taka feda ba, tana nuna zuciyata na bugawa kamar ta mai hawan tudu. Na mayar da ita na ce ta lalace. Mai kayan ya ɗaura, ta nuna daidai. Yohanna ya ɗaura, daidai.

Mai kayan ya ce, "Oga, na'urata lafiya lau take. Kai dai je ka ga likita."

Dariya na yi. Mutumin da ke cin abincin mutum biyu, wane likita zai gani?

Amma ina ci ina ramewa. Gumi ba ya barina ko ina gaban fanka. Sai hannuna ya soma rawa, har wata rana na yanki wani dattijo a bayan kunne.

Daga nan magana ta zaga unguwa, wai ƙanjamau gare ni. Kun san abin da wannan ke nufi ga mai aski. Shagona ya zama kufai. Na je na yi gwajin, aka ce babu, amma wa zan bi gida-gida in nuna wa takarda?

Mahaifiyata, da muke kira Iya, ita ma haifaffiyar nan ce. Da labarin ya kai mata, sai ta zuba mana tuwo a kwano ɗaya, ta fito da shi tsakar gida gaban 'yan haya. Ta ce, "Sa hannu. Ko mene ne, ni na haife ka."

Na sha maganin zazzaɓi, na sha na taifod, na sha jiƙe-jiƙe. Ba sauƙi. Wata rana ina saukowa daga danfo, motar haya, na yanke jiki na faɗi.

A asibiti na farfaɗo, an ɗaura mini ruwa. Safe da yamma a auna jini, a auna zuciya, a girgiza kai. Tsoro na ji sosai, don mutumin da ke gadon kusa da ni a gabana aka lulluɓe shi.

Yohanna ne ya gaya wa likita zancen na'urar. Likitar, wata mata mai yawan shiru, ta ce in miƙa hannuwana, ta ɗora mini takarda a kai, takardar na kaɗawa. Ta taɓa wuyana, ta ce in haɗiyi ruwa.

Ta ce, "Ina zargin wani ƙululu ne a maƙogwaronka yake aiki fiye da kima, shi ke ƙona jikinka. Sai mun aika jininka waje mu tabbatar."

Gwajin na da tsada. Janaretan shagona na sayar.

Muna jiran sakamako, Iya kullum tana zuwa da kunu a danfo, ƙafafunta a kumbure. Na ce ta huta, ta ƙi. Ashe tana da hawan jini, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata safiya ba ta zo ba. Da azahar Yohanna ya shigo, ya zauna a bakin gadon, ya cire hula. Ya ce, "Sabo, sai haƙuri. Iya ta riga mu."

Ban iya zuwa jana'izarta ba. Ƙafata ba ta ɗaukata. Yohanna ne ya bi su har maƙabarta, ya dawo ya faɗa mini inda aka sa ta.

Bayan an yi sadakar uku sakamakon ya zo. Abin da likita ta zarga ne, kuma ƙwayoyi ne maganinsa. Iya ta tafi ba ta san sunan ciwon ɗanta ba.

Yanzu alhamdulillahi. Rawar hannu ta daina, jikina ya dawo, na buɗe shago. Dattijon da na yanka shi ya fara dawowa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da ma'aikatan jinya, na gode wa Yohanna da ba ni da abin da zan biya shi.

Masu tambayar wace na'ura za su saya, idan da hali ku ɗauki mai ɗamarar ƙirji, ku gwada ta a wajen mai kayan kafin ku biya. Idan ta nuna abin da bai yi muku daɗi ba, ku sa wani ya ɗaura. Idan nasa daidai ne, asibiti za ku nufa. Kuma kowa ya kai mahaifiyarsa a auna mata jini, ko ta ce lafiyarta ƙalau.

Sunan Iya Hajara. Ku sa ta a addu'a.