Labon da Ba a Taɓa Fasa Kwalba a Cikinsa Ba

Shekarar da ɗan yayana ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, yayan nawa ya taso tun daga Ɗan Kassari a kan babur ya same ni a Dogon Dutsi. Wai wata ƙaramar makarantar kimiyya ce a birni ta karɓi yaron, babbar jami'a kuwa ba hali. In je in gano masa ko ta kirki ce, tunda ni ke koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare.

Na je. Gini ya sha fenti, ɗalibai kowa da farar riga kamar likitan gaske. Darakta sai zuba yake kamar kanya. Na ce ya kai ni labo, ɗakin gwaje-gwajensu.

Wallahi ina shiga raina ya ɓaci. Tebur fes, ko tabo babu. Kwalaben gwaji jere reras, wasu ma ba a cire su daga leda ba. Haba! Ni da ɗalibaina ba ma wata guda ba mu fasa kwalba ba, yatsuna duk tabon ƙuna ne. Na ce wa wata 'yar shekarar ƙarshe ta saita mini madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ta juya nan, ta juya can, sannan ta ce a hankali, "Madam, a allo ake zana mana."

A mota na kasa zama wuri ɗaya, Allah-Allah nake in iso in amayar da abin da ke cikina.

Ina isowa gida Yaya ya ce, "To, mi kika gani?"

Na ce, "Kyan ɗan maciji ne, Yaya. Shekara uku zai yi, ya fito da takarda, ba komai a kansa."

"To, ina za shi ke nan?"

An ce in auna, na auna, ban yi tunanin gaba ba.

Yaya mutum ne mai jin maganata, abin da ke cina ke nan. Ya ce a dakata sai baɗi. Da shekara ta zagayo, damina ba ta yi kyau ba, kuɗin karatu ya gagara. Daga nan yaron ya daina tambaya. Abokansa da suka shiga makarantar sun fito da takardunsu, wasu har suna aiki.

Shi yanzu kabu-kabu yake yi da babur a tasha. Duk sanda ya gan ni sai ya ja birki: "Gwaggo, hau in kai ki." Bai taɓa ce mini uffan a kan zancen makarantar ba. Na san gaskiya na faɗa, ko gobe. Amma in na hango shi daga nesa, sai in sake hanya.