Gyaɗar Inna Ige da Turmin Gidana

Kakata Inna Ige ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ita ta koya mini rubutu. Sai da na yi furfura na gane haka.

Muna yara a ƙauyenmu na ƙasar Anka, da an ci tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhunta. Tana kaɗi, gyaɗa tana gasuwa cikin toka. Dokarta ɗaya ce: tatsuniyar da ta yi jiya, yau ɗayanmu zai maimaita, kuma duk abin da ka faɗa har ta gan shi a zuci, ƙwayar gyaɗa ce ladanka. Idan ka ce mutumin ya ji tsoro, sai ta rufe ido ta girgiza kai.

"Ban gani ba, angona. Mi ƙafafunai sunka yi?"

Kana cewa gwiwarsa tana karo da 'yar'uwarta, sai gyaɗa ta faɗo tafinka da zafinta.

Akwai labarin da take so, na wani mutum da ya ɗebi ruwa ya bar rijiya buɗe, maraƙin maƙwabcinsa ya faɗa. A gaban mai gari ya tsara magana, ya kawo duhu, ya kawo santsi da ƙiriniyar maraƙin, har mata suka yi hawaye. Kowa ya koma gida, babu wanda ya tuna da murfi. Kafin mako akuya ta faɗa wata rijiyar. Sai wata tsohuwa ta ce a sake kiransa, ya faro daga hannun da ya ɗaga murfin. Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Ranar kowa ya rufe rijiyarsa.

Da aka zo kaina na maimaita, na ƙawata duhu da santsi, na tsallake hannun. Ko ɓawo ban samu ba.

"Kai ma ka bar ta buɗe, ja'iri," in ji ta, tana dariya tana shafa mini kai.

A shekarar 2010 gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu ta duwatsun zinari. Jikana Sani, ɗan 'yata Rabi, yana cikin waɗanda muka binne. Bayan 'yan shekaru liman ya same ni, ya ce wasu sun koma kawo duwatsu gida. Tunda na ɗan yi yaƙi da jahilci, in rubuta abin da ya same mu a karanta bayan Juma'a, kafin wani yaro ya sake kwantawa.

Na cika shafi uku. Na rubuta talauci, na rubuta baƙin da suka zo haƙa, na rubuta ƙaddara. Na kira Rabi na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe tana kallon ƙasa.

"Baba, ya yi daɗi," ta ce. "Amma ban ga turmin innata ciki ba."

Kamar Inna Ige ce ta dawo tsakar gidan. Ni na ɗauko buhun duwatsun a babur. Ni na sa matata ta daka duwatsun a turmin da take daka gero, ta yi gardama na yi mata tsawa. Sani yana rarrafe kusa, yana sa hannu a garin yana kaiwa baki, ni kuwa ina masa wasa ina ce masa attajiri.

Na yaga shafukan. Na rubuta rabin shafi, na faro daga buhun a bayan babur ɗina. Na sa launin garin a leɓen yaron. Na sa tsawar da na yi. Duk kalmar da na ji tana neman wanke ni, na soke ta.

Liman ya karanta a masallaci bayan Juma'a. La'asar ba ta yi ba na ga maƙwabcina Garba yana fitar da buhuna biyu daga zaurensa, bai kalle ni ba.

Masu ilimi suna da sunayen waɗannan dabaru, ni ban san su ba. Abin da na sani, ka rubuta abin da ido zai gani, kada kuma ka cire hannunka daga labarin da hannunka ke ciki. Da na koma gida Rabi ta karɓi takardar ta sa na sake karantawa. Ta share ido da gefen mayafi.

"Yanzu na gani, Baba."

Sai na tarar na buɗe tafina, kamar mai jiran gyaɗa.