Kududdufin da Muka Cike

Ni na fara kawo maganar cike kududdufin unguwarmu, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Lokacin Kontagora tana cikin Jihar Arewa maso Yamma, ni kuwa ina ɗinki a bakin kasuwa, ga ƙuruciya ga baki. Kududdufin tsohon rami ne, daga cikinsa kakanninmu suka ɗebi ƙasar gina gidajen unguwar. Da damina sai ya cika ya yi kore shar, sauro ya hana kowa sakat, yara suna ta zazzaɓi. Duba-gari ya zo ya yi mana faɗa har sau biyu.

Na ce wa mai unguwa a yi gayya a cike shi, matan da ba su da rumfa a kasuwa su samu filin kasa kaya. Kowa ya ce madalla, in ban da wata tsohuwa 'yar ƙabilar Dukkawa mai daddawa, wadda gidanta yake gangare a bayan ramin. Mijinta ya rasu. Ɗaki biyu gare ta, ɗaya na kwana, ɗaya ta tara kalwar da za ta yi daddawar shekara. Ta zo ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta tambaya da Hausarta da ba ta fita sosai, in an cike ramin ina ruwan zai je.

Ni sarkin iyayi na karɓe zancen. Na ce, "Iya, ruwa ai ya san hanyarsa, bar mana wannan." Har na kwaikwayi maganarta, samari suka kwashe da dariya. Ta tashi ta tafi.

Sati uku muka yi muna aikin da bazara. Jakuna suna kawo juji da toka da ɓaraguzan gini, makaɗi yana zuga mu, mata suna dafa abinci. Ita ma tsohuwar ta aiko da daddawa a sa a miyar masu aiki. Na sha miyar nan har da ƙari, ban ji kunya ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata rana bayan azahar. Da ya tsagaita na rufe keken ɗinki na tafi in ga filinmu, ina taƙama. Inna lillahi! Ruwan unguwa gaba ɗaya ya bi ta kan filin, ya kwashi sharar da muka zuba ya gangara da ita gidan tsohuwar. Katanga ta faɗi, ɗakin kalwa ya zube. Tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, da ƙwarya a hannu, tana tsamo kalwa cakuɗe da toka da ƙazanta. Na tsaya ina kallo. A kan ruwan ga ƙyallaye masu launi suna yawo, na kuwa gane su sarai. Ragowar yadin shagona ne, da hannuna na zuba su a ramin.

Ta ɗago ta gan ni. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ta tsamo ƙyalle ɗaya ta miƙo mini, ta ce, "Ɗana, wannan naka ne."

Mai unguwa ya ce lalle a sake mata ɗakin. Magini ya ce gini sai ruwa ya ɗauke, kuma duk unguwar babu ƙasar gini sai a ƙarƙashin abin da muka cike. Haka muka koma da kaka muna tone ramin, babu kiɗa, babu mai kallon idon wani. Ɗaki dai mun gina, amma kalwa ba a samun ta sai wata shekara, ita kuwa da ita take ci. Kafin yaɓe ya bushe 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita garinsu Dukku. Ni na ɗinka labulen ƙofar ɗakin, na rataya shi, ba ta taɓa ganinsa ba.