Tudun Iya Ablawa

Duk Ganbiye, garin da aka gina a kan tafki, babu wanda bai san Ablawa mai bandar kifi ba, ko don bakinta. A kan ruwa aka yanke mata cibiya, a kan ruwa ta yi aure, ta tsufa da filafili a hannu tana kai ƙyafaffiyar karfasa kasuwar Kalabi, ta dawo da gari da manja. In mai jirgin inji ya wuce ya fantsama mata ruwa, zaginta kan riga shi isa gaɓa.

Abin da ya rage mata a duniya shi ne jikanta Mawuna, wanda 'yarta ta rasu ta bari yana jinjiri. Yaro ɓul-ɓul, ga surutu, amma sa'o'insa har sun fara gudu shi yana nan yana rarrafe. Ba ciwo ba ne. Daɓen gora mai lilo a kan ruwa ba ya koya wa yaro tafiya, shi ya sa kowane gida ke tara ɗan tudun ƙasa a gindin ɗaki. Nata kuwa ambaliya ta cinye shi shekarar da mijinta ya mutu, kuma dakon ƙasa aikin maza ne.

Rannan sai ga Zinsu, wan uban yaron, ya iso daga Kalabi yana ta karkaɗe riga kamar ba a nan aka haife shi ba.

Ya ce, "Iya, yaron nan fa zai nakasa a hannunki. In ruwa ya janye na dawo ban same shi a tsaye ba, Kalabi zan tafi da shi."

Ta ce, "Sannu, ɗan birni! Kai da na tsamo a ƙarƙashin ɗakin uwarka, cikinka ya cika kamar tulu?"

Baki ne kawai. Yaro na dangin uba ne, ta sani sarai, kuma ranar ko loma ta kasa kaiwa baki don tsoro.

Washegari da ta sayar da kifinta, sai ta cika kwanduna da jar ƙasa ta jera a kwale-kwale. Jirgi ya nutsa har gefensa na sumbatar ruwa. Masunta suka hango ta tana turawa da gora cikin kainuwar da ta toshe mashiga, suka fashe da dariya.

"Iya Ablawa, yau kuma gona aka sayo?"

"Kabarinka na sayo, matso ka gwada!"

Ƙasar farko duk ruwa ya lashe ta, don zubawa kawai ta yi. Ta ciji yatsa, ta roƙi turaku wajen masu shingen kifi, ta kafa, ta kitse da gora, ta koma dako. Wata rana iska ta taso mata a tsakiyar tafki, igiyar ruwa na afkawa cikin jirgi. Dole a rage kaya. Matar nan ta dubi kwandunan ƙasa, ta dubi buhun garinta da itacen banda, ta cilla gari da itace. Da ƙoƙo ta yi ta kwalfe ruwa tana zagin iska har ta iso gida, jiƙe sharkaf, ƙasarta cif. Makon nan gasasshen kifi kawai suka ci.

A ƙarshe tudu ya tsaya, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma ba. Ta ɗora Mawuna a kai, ai kuwa ya tsandara ihu ya naɗe ƙafafu, don bai taɓa jin ƙasa a tafinsa ba. Ta lallasa, ta yi masa waƙa, ta miƙo soyayyen doya daga nesa. Ɗan banzan yaro ya zauna daram.

Ruwa ya janye, Zinsu ya dawo. Ya tarar da yaro zaune bisa tudu yana ta kuka.

Ya ce a hankali, "Kin yi ƙoƙari, Iya. Ɗauko mini kayansa."

Ablawa ta juya baya. Ba za ta iya tsayawa ta ga an ɗauke shi ba. Ta sauka cikin kwale-kwalenta, ta kwance igiya, ta tura, hawaye na zuba.

Mawuna ya ga jirgin kakarsa na tafiya babu shi. Kuka ya tsaya cak. Ya dafa ƙasa, ya miƙe, ya taho tangal-tangal hannuwa a sama har bakin tudu, ya faɗa ruwa tsundum, ya bi ta yana iyo irin na 'ya'yan tafki.

Maƙwabta suka ɗauki guɗa, masunta na dukan gefen jirage da filafili. Ta suro shi ta rungume, sannan bakin nan ya dawo.

"Zinsu! Da ƙafa ya zo ko da gindi? Faɗi da ƙarfi, kunnena ya tsufa!"

Zinsu yana dariya yana share ido ya ce, "Da ƙafa, Iya. Da ƙafa!"

Ranar shi kaɗai ya koma Kalabi.