Motar Kaka Saura Fenti

A asibitin da Yayana ya yi aiki har ya yi ritaya, ba wanda ke kiransa da sunansa. Igwa suke ce masa, daga likitoci har masu shara, shi kuma ya amsa da fara'a. Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi ne. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa, don haka ina iya faɗin abin da wasu za su ji nauyin faɗa: mutumin kirki ne, amma kansa ya fi ƙarfen da yake yankawa tauri.

Sunan ya samo asali ne daga abin da yake yi in ya tashi aiki. Yaya na ƙera ƙananan motocin yaƙi da igwa na farkon ƙarnin da ya wuce, zamanin da tayar mota roba ce zalla ba iska, kuma sai an juya ƙarfe a gaba take tashi. Wani ɗan ɗakin ajiya da ke bayan kicin ya mayar wurin aikinsa. In ka shiga, warin dalma ne zai fara yi maka maraba. Ga kantoci har sama cike da motocin sulke da tankoki, kowacce ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Ga shi nan a sunkuye, gilashin ƙara girma a goshi, hantsaki a hannu, yana ƙirga kusoshin jikin mota a tsohon hoto. Matarsa takan ce ta auri sojan da in tayar keke ta fashe a titi, shi ne farkon shigewa gida.

Doka ɗaya gare shi. Abin da bai ga hujjarsa ba, ba ya sa wa mota, ko da kan kusa ne. Kuma ba ya nuna wa kowa aikin da bai gama ba.

Mafarin abin wani hoto ne baƙi da fari da ke rataye a ɗakin Mamanmu. Mahaifinta ne a ciki yana saurayi, direban soja, ya jingina da babbar mota mai jan igwa. Mama ita ce autarsa, kuma ban da hoton ba abin da ya rage mata nasa sai wani akwatin ƙarfe. Da ta ga hannun Yaya ya faɗa a wannan aiki, ta sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.

"Ungo, tsatsa na neman cinye shi," ta ce. "Ka yi mini motar babana da shi, in ajiye ta kusa da hotonsa."

Yaya ya yi murna, don ya ce irin wannan kwano mai kauri ba a samunsa yanzu. Ya yanka shi, ya zauna a tsakar gida ya goge tsohon fentin tas har ƙarfen ya yi ƙyalli, yadda duk mai wannan aiki ke yi kafin ya sa dalma. Ya wanke ƙurar a bakin famfo.

Motar kam ta yi kyau, ni na leƙa na gani. Sitiyari na juyawa, sarƙar tayar baya na tafiya, igwar na ɗagawa tana sauka. Abu ɗaya ya rage, fenti. Hoton kuwa bai faɗi launi ba.

Nan Yaya ya shiga nema ba ji ba gani. Ya yi odar littattafai, ya tuntuɓi gidajen adana kayan tarihi, daga baya ya shiga wani zaure a waya na tsofaffi irinsa daga ƙasashe daban-daban. Wannan ya ce kore ne, wancan ya ce ruwan toka, wani ya rantse ruwan ƙasa ne. A cikin shekarun nan ya gama wasu motocin da ban san adadinsu ba, ta Kaka na gefe an rufe ta da ƙyalle.

Mama a wajena take zaune tun rasuwar Babanmu. Duk zuwan da zai yi gaishe ta, sai ta ce, "Ina motata?"

"Saura fenti, Mama."

Maganar har ta zama abin tsokana a gidanmu. In girki bai nuna ba, saura fenti. In ɗana ya kawo sakamakon jarrabawa rabi da rabi, saura fenti. Mama ma tana dariya, ba ta taɓa tambayar abin da ya tsayar da fentin ba, shi kuma bai taɓa yi mata bayani ba. A ganinsa wannan bincike ne, ina ruwan tsohuwa da shi.

Sai idonta ya fara dushewa. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, magani zai rage gudun abin ne kawai. Yaya ya fi kowa sanin ma'anar wannan, a asibiti ya tsufa. Na same shi a ɗakinsa, raina a ɓace.

"Yaya, don girman Allah ka shafa wa motar nan ko shuɗi ne, ka kai wa baiwar Allah ta gani da idonta."

"Ke ba za ki gane ba," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "In na shafa abin da ba shi ba, na yi wa Kaka ƙarya."

"Kaka ya daɗe a ƙasa. Mama ce a raye."

"Na kusa samun amsar."

Na bugo masa ƙofa har wata tanka ta faɗo daga kanta. Ban ba shi haƙuri ba, kuma har yau ban ga dalilin bayarwa ba.

Amsar ta zo bayan Mama ta daina bambance fuskokinmu. Wani dattijo a zauren nasu ya ce masa a wuraren da kaya ba sa isa, direbobi ne ke haɗa fenti da abin da suka samu, don haka launin wannan motar sai wanda ya gan ta. Ran nan da la'asar Yaya ya zo jiki a sanyaye, ya zauna a bakin gadon Mama yana ba ni labari, ba ma ita yake gaya wa ba.

Mama ta juyo da kanta wajen muryarsa.

"Au, launin kake nema? Ni na zaci fentin ne ba a samu a kasuwa. Ai launin akwatin ne. Babana ya ce ragowar fentin motar ya shafa masa. Shi ya sa na ba ka shi."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya dubi tafin hannunsa.

Ya koma ya birkice ɗakinsa ko zai sami guntun da bai goge ba, bai samu ba. Ya tambaye ni, na ce kamar kore-kore ne mai duhu. Matarsa ta ce ita ruwan ƙasa ta gani. Shi da ya yini yana goge shi da hannunsa, ya ce abin da ya riƙe kawai kaurin kwanon ne. Ya tambayi Mama, ta ce ba kore ba ne, ba kuma ruwan ƙasa ba, ita dai in ta gani ta san shi.

Washegari ya karya dokarsa, ya naɗo motar a tawul ya ɗora mata a cinya. Ta bi ta da yatsu a hankali, ta juya taya, ta ɗaga bakin igwar, ta kai ta hanci.

"Ta yi kyau, ɗan nan. Ba ka shafa ba ko?"

Na harare shi, ina yi masa alama ya ce ya shafa. Ya ce, "Ban shafa ba, Mama."

"To, ba komai," ta ce. "Da ka shafa mata ko wane iri lokacin ina gani, ai da na ce maka shi ne ko ba shi ba ne."

Yaya ya tashi ya fita waje. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har na rasa wanda ya fi.

Mama ba ta cika shekara ba bayan nan ta rasu. Motar tana ɗakinta har yanzu, kusa da hoton, ƙarfe zalla. Yaya kan zo duk mako da tsumma da ɗan mai ya goge ta don kada ta yi tsatsa. Ya ci gaba da ƙera wasu, amma a hankali, don hannunsa ya fara rawa. A gidanmu kuwa ba wanda ya sake cewa saura fenti, ko da girki bai nuna ba.