Hannun Bashir a Kafaɗar Wani

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na daina wasa, da masu cewa na yi aure na ɓuya, ga amsa: ciwo na yi, ciwon zuciya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, haifaffen Agege ne ni. Karatu ya kai ni ƙasar sanyi, a can na koyi ski, wato gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara da sanduna biyu. A can na haɗu da Bashir, ɗan Kaduna, muka zama abokan tseren 'yan biyu. Kai ka zaga fili, ka dawo ka taɓa jikin abokinka da hannu, shi ma ya zaga ya dawo ya taɓa ka, har a gama. In ɗaya bai fito ba, ɗayan ma ba shi da tsere.

Da na dawo gida sai na ci gaba da atisaye da ski mai taya a kan kwalta, bayan sallar asuba, kafin motocin haya na danfo su cika titi. 'Yan okada suna yi min ihu: “Oga, ina ƙanƙarar take?” Ni dai ina lissafin gasar ƙasa da ƙasa da muka samu gurbi ni da Bashir.

Sai zazzaɓi ya zo, da ciwon maƙogwaro. A unguwarmu kowane zazzaɓi maleriya ne, kuma kowa ya san maganinsa: ka je kemis, ka haɗiyi ƙwaya, ka yi gumi. Ni kuwa wa ya kai ni gumi? Na ɗaura taya na fita, na ma ƙara nisa.

Zazzaɓin ya tafi, numfashina ya bi shi. Matakalar masallaci ta fara gagarata. Wata safiya ƙirjina ya riƙe, na zauna a bakin kwata da sanduna a hannu. Mai shayin layinmu ne ya kai ni asibiti.

Suka ɗebi jini, suka manna min wayoyi a ƙirji, suka tura ni hoton zuciya. Abin da na tara na tikitin jirgi a nan ya ƙare. Likitar ta ce ba maleriya ba ce, ƙwayar cuta ce irin ta mura, kuma gudun da na yi da ita a jiki ya kumbura min tsokar zuciya.

Na ce, “Likita, ina da gasa.”

Ta ce, “Kana da zuciya ɗaya. Ba gudu, ba ɗaga nauyi, sai na ce.”

Na ji tsoro ƙwarai. Kwana da na'ura tana ƙirga bugun zuciyarka ba daɗi, in ta yi wata ƙara sai ka fara salati.

Amma kaɗaicin ya fi tsoron ciwo. 'Yan dubiya sun zo, Allah ya saka musu, sai dai ba wanda ya san abin da na rasa. Kawuna ya ce, “To alhamdu lillahi, dama wasan yara ne.” Wata nas ta yi min sannu da yarenta, “Pele, oga,” ta wuce gado na gaba. Hajiyata kullum tana zaune da fulas ɗin kunu, ita ma tambayarta ɗaya: “Aminu, ka ci?”

Bashir yana ta kira daga can, ni ina kallon wayar har ta katse. In na ɗauka me zan ce? Shekarun da ya yi yana shiri suna rataye a ƙirjina.

Hajiya ce ta gaji. Ta ce, “Yaron nan ba shi da laifi. Ka sallame shi ya nemi wani tun da sauran lokaci.” Ashe ta gane wasan fiye da yadda na zata.

Na kira shi, na ce ya ɗauki Dauda, wanda ke biye da mu a atisaye. Ya ce, “Kai dai ka warke.”

Ranar gasar ina gida an sallame ni. Na rufe ɗaki, na jingina waya da kofi ina kallon gasar kai tsaye. A waje mai gwanjo yana ta tallarsa, janareton maƙwabta yana ruri. Na ga Bashir ya shigo wurin musanya yana haki, ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar wani. Na kife wayar na yi kuka. Ba su samu shiga matakin ƙarshe na gasar ba, amma sun yi tseren, sun gama.

Watanni na yi ina shan magani, ina tafiya kamar tsoho daga ƙofar gida zuwa bakin titi. A awon ƙarshe aka ɗora ni a injin gudu da wayoyi a ƙirji. Likitar ta duba takardar ta ce, “Ka fara, amma a hankali.”

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajiya, da likitar, da mai shayin da ya bar tukunyarsa a wuta saboda ni.

'Yan wasa, ku ji: in kuna zazzaɓi ko mura, ku ajiye atisaye har ku warke sarai. A gwada jini kafin a sha maganin maleriya. Ƙirji ya riƙe ko numfashi ya gaza, asibiti kai tsaye, ba kemis ba. In kana da abokin wasa, ka gaya masa da wuri.

Bayan gasar Bashir ya turo min saƙon murya, har yau ban goge ba. Ya ce, “Ka san Dauda gajere ne. Da na zo musanyar farko hannuna sama ya tafi, daidai kafaɗarka. Saura kaɗan in taɓa iska.”

Jiya na ɗaura taya a karon farko. 'Yan okada sun tambayi ƙanƙara, na ce tana nan tana jirana.