Garin Kafso a Ƙafar Baba

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, watana bakwai da fara aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti a cikin Katsina. Aikina shi ne wanke kwalabe, da dafa abincin da ƙwayoyin cuta ke tsira a kai, in zuba shi cikin 'yan farantan gilas masu murfi ya daskare kamar kwanannen koko. A aljihun farar rigata ba a rasa littafin soyayya, na naɗe shi biyu. Na shiga aikin asibiti ne da tunanin wata rana wani dogon likita mai sanyin murya zai turo ƙofa neman sakamako, idonmu ya haɗu, shi ke nan. Likitocin da suka turo ƙofar duk magidanta ne, kuma kullum cikin sauri suke.

Shugabata wata mata ce daga kudancin Kaduna, muna ce mata Madam. Ta daɗe a Katsina, tana zaune a Kambarawa, har in ta so tsokana takan juya harshe ta yi Katsinanci. In ta kama ni da littafi sai ta ce, "Amarya, an ɗaura auren ne ko har yanzu yana tsaye a zaure?" In ɓoye fuska, ta miƙo mini kwalabe.

Babana tela ne a Ƙofar Guga, keken ƙafa yake takawa. Yana da ciwon suga. Wata ƙusa ta soke shi a tafin ƙafar dama, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Aka yi sati biyar ana fama a gida kafin a kawo shi asibitinmu, a lokacin ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Ni ce 'yar fari, don haka akwai kunya tsakanina da shi. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama kusa da shi mun yi hira ba. Tun da aka yaye ni yayarsa ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Ita Gwaggon ce ke jinyarsa, ta shimfiɗa tabarma a gindin gadonsa.

Ranar Litinin likita ya tsayar da ni a baranda.

"Ke ce 'yar Malam tela? An yi masa allura iri uku, ciwon hawa yake yi. Ina son ku shuka mugunyar ku gaya mini maganin da zai ci ta. In har Litinin mai zuwa ba mu sani ba, zan yanke daga ƙasan gwiwa. In na wuce haka, ransa nake wasa da shi."

Na ce to. Ban san ya aka yi na koma ɗakin gwaji ba.

Na ɗauki tsinke biyu masu auduga a kai, na je gadon Baba. Nas ta kwance bandeji. Warin ya buge ni, amma ba shi ya hana ni dubawa ba. Ƙafar ubana ce a buɗe a gabana, shi kuma ya kau da kai yana kallon bango, ni ma na kau da nawa. Na goga audugar a saman ciwon a hankali, yadda ba zai ji zafi ba, na tura cikin kwalba, na fita da sauri. Na shafa ɗaya a kan faranti, na sa shi cikin inkubeta, wato akwatin da ke riƙe ɗumi irin na jikin mutum. Ɗayan na ajiye.

Talata ba abin da ya tsiro. Laraba ma haka, farantin fes. Har cikin raina na ji daɗi. A littattafan da na saba karantawa, in an kai ƙarshen wahala haka ake ganewa, komai ya yi fari. Na ɗauki biro zan rubuta cewa babu ƙwayar cuta, sai Madam ta dafa takardar.

"Tsaya. Ciwon da ake jin warinsa tun daga bakin ƙofa, shi ne babu komai a ciki? Ya kika ɗauka?"

Na faɗa mata.

"A sama? Kina kallon ina?"

Ta miƙo hannu.

"Kawo ɗayan tsinken."

Ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta juya ta. A jikin audugar akwai wani gari rawaya, ƙasa-ƙasa.

"Wannan fa?"

"Na ɗauka maganin nas ne."

"Ba nas ɗin da ke sa abu mai wannan kala a asibitin nan. Wa ke kwana da shi?"

"Gwaggona."

Madam ta ajiye kwalbar, ta zauna. Ta ce ta san wannan aikin, ta gan shi ba sau ɗaya ba. Kafso ne ja da rawaya, wanda ake saye a kemis ko a tiren masu talla, a buɗe shi a barbaɗa garin a kan ciwo. Ta ce garin da ke sama yana da yawa, ya kashe na saman, ya kuma biyo audugata ya hana komai tsira a faranti. Amma can cikin nama ɗan kaɗan ke isa, bai kashe su ba, sai dai ya saba musu da magani. Waɗanda suka rage su ne masu taurin kai.

"Da kin sa hannu a takardar nan, likita zai ce mu ba mu da abin faɗa, ya wasa wuƙarsa. Gobe ki riga nas zuwa."

Na san kafson. Da shi na girma. In na faɗi na kurje gwiwa, Gwaggo za ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗaya, ta murɗe shi, ta barbaɗa mini tana hura wurin. In gudawa ce, a koko take zuba shi. Ban taɓa haɗa wannan da abin da aka koya mana a makaranta ba.

Alhamis ina idar da sallar asuba na fito. Na iske ɗakin marasa lafiya shiru, wani dattijo a gadon ƙarshe ya kara rediyo a kunne yana jin labarin shirin rantsar da sabuwar gwamnati. Gwaggo tana durƙushe a ƙarshen gadon Baba. Ta ɗaga bandejin gefe ɗaya da ɗan yatsa, ta riƙe kafso a haƙori tana murɗawa.

"Gwaggo, ina kwana."

Ta ɗago. "Lahiya lau. Mi ya hiddo ki da sassahe haka?"

"Gwaggo, don Allah kar ki sa."

"Kar in sa mi?"

"Shi ne ya ɓata gwajin. In ba a daina ba, ranar Litinin za su yanke ƙafar."

Ta ciro kafson daga baki, ta dube ni tun daga gyale har takalmi.

"Iye. Wata bakwai da sa hwarar riga, yau ni za ki koya wa jinya? Wannan da kike gani, da shi na warkar da ke sau nawa? Allurarsu ukku mi ta yi? Ba don ni ba da tuni ƙahwar nan ta ruɓe."

"Gwaggo, ba ni ƙullin."

"Ɗiyar nan, ni na goya ki hwa."

 Ban taɓa musa mata ba, ko a kan gishirin miya. Na miƙa hannu, na bar shi a miƙe. Matar da ke jinya a gadon kusa ta tashi zaune tana kallonmu. Mai rediyo ya rage murya. Gwaggo ta ci gaba da murɗa kafson, garin ya fara zuba a yatsunta.

Sai Baba ya yi magana, fuskarsa na kallon bango.

"Yaya, ba ta."

"Kai ma?"

"Ba ta, Yaya. Aikinta ne."

Ta kwance bakin zane, ta jefo ƙullin a ƙasa, ba a hannuna ba. Na durƙusa na ɗauka. Leda ce cike da kafso, wasu sun manne da juna saboda zafi. Ta naɗe tabarmarta ta koma baranda. Ranar ban yi aikin kirki ba. Duk bayan awa ɗaya sai na leƙa, don ban tabbata ba ta da wani ƙullin ba. Nas ta wanke ciwon da ruwan gishiri safe da yamma.

Juma'a da safe Madam ta raka ni, ta tsaya a bayana.

"Ke za ki ɗauka. Buɗe idonki. Yau ba babanki ba ne, ciwo ne. Malam, ka yi haƙuri, za ka ji zafi."

"Ba komai, Madam," in ji Baba.

Na duba. Ramin ya fi yadda na zata zurfi, gefensa ya yi baƙi, yatsu biyu na ƙarshe sun canza kala. Na tura tsinken ciki.

"Ƙara. Ƙara dai. Juya shi."

Baba ya damƙe ƙarfen gado yana salati. Na ji hawaye na bin kumatuna, ban share ba, don hannuwana duka suna aiki. Audugar ta fito jiƙe da mugunya.

Asabar ita ce ranar rantsuwa. Gari ya cika da hon na motoci da babura, ma'aikata sun taru a ɗakin da ke da talabijin. Ni da Madam ne kawai a ɗakin gwaji. Na buɗe inkubeta, farantin ya cika da ɗigo-ɗigo masu maiƙo, sun bi duk layin da na ja. Ban taɓa murnar ganin ƙazanta irin ta ranar ba. Madam ta ɗebi kaɗan ta shafe sabon faranti da shi, sannan ta ɗauki hantsaki ta jera wasu 'yan takardu shida a kai, zagayayyu, ba su kai maɓallin riga ba. Kowace an jiƙa ta da magani daban.

"Gobe za mu gani. Wadda ƙwayoyin suka gudu suka bar mata fili kewaye da ita, maganinta na ci. Wadda suka tsira har jikinta, sun raina ta."

"In duka suka raina fa?"

"Sai mu rubuta gaskiya."

Da la'asar aka ɗauke wuta. Na ruga ɗakin gwaji na sami Madam tana rufe jaka. Ta ce, "Kar ki buɗe akwatin, zai riƙe ɗuminsa. Wannan zafin na Katsina ma ai inkubeta ne." Ta kulle ɗakin ta tafi da makulli.

Lahadi ba ranar aikinta ba ce. Ta ce za ta zo in an tashi daga coci. Tun ƙarfe tara nake zaune a dakalin ƙofar. Na fito da littafina, na karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san me aka ce ba, na mayar. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. Na fara tunanin ko ta manta, ko babur ya kayar da ita, ko in je Kambarawa in yi ta tambaya gida-gida. Daga inda nake ina hango Gwaggo a baranda tana jan carbi, ta ba ni baya. An fara kiran azahar sai ga Madam a kan acaɓa, da leshi da babban ɗaurin kai, tana fifita da takarda.

"Fasto ya ja wa'azi, sai da ya yi wa sabuwar gwamnati addu'a mutum-mutum. Zo mu gani."

Ta ɗora farar riga a kan leshin, ta ciro farantin, ta ɗaga shi wajen haske. Na tsaya a gefenta.

Ta farko, ƙwayoyin sun tsira har jikinta. Madam ta ce wannan shi ne maganin da ke cikin kafson Gwaggo. Ta biyu haka. Ta uku da ta huɗu, allurorin da aka yi ta yi wa Baba ne, ko tsinin allura ba su bar musu fili ba. Ta biyar, allurarsa ta uku, ita ma haka. Na dafa tebur. Madam ta juya farantin. Ta shida tana da zobe kewaye da ita, fili mai haske, amma ba babba ba.

"Madam, ya ci?"

"Yi shiru. Miƙo rula."

Ta kifa farantin, ta aza rula, ta runtse ido ɗaya. Ta duba takardar da ke manne a bango, ta sake aunawa. Ta ba ni ta ce ni ma in auna in faɗi abin da na gani. Na faɗa.

"Ya kai. Da ƙyar, amma ya kai. Rubuta, ki sa hannu, ni ma in sa."

A ranar aka fara sabuwar allurar. Litinin da safe likita ya zo da takardar a hannu, ya daɗe yana danna ƙaurin Baba. Ya ciro biro ya ja layi a fatar, daidai inda jan kumburin ya tsaya.

"Na ba shi kwana uku. In ja ya haye layin nan, ba zan ƙara jira ba."

Kwana ukun nan, layin biron nan kaɗai nake gani, ko na rufe ido. Talata yana nan inda yake. Laraba na ga kamar ya ja baya, nas ta ce idona ne. Alhamis likita ya aza yatsunsa biyu tsakanin layin da jan, suka shige. Ya ce ƙafa ta tsira, amma yatsu biyun nan sun riga sun mutu, dole a cire su.

Aka shiga da Baba tiyata da hantsi. Na zauna a benci, Gwaggo na can ɗaya ƙarshen, mako guda ke nan ba ta amsa gaisuwata ba. Da nas ta leƙo ta kira ni, na je na dawo, na tsaya a gaban Gwaggo. Ba ta ɗago ba.

"Nawa suka cire?"

"Yatsu biyu, Gwaggo."

"Ƙahwar hwa?"

"Tana nan."

 Sai ta ɗauki butarta, ta bi ta gefena ta nufi famfo.